Boris ɗin da Ya Maƙale a Babur ɗin Kakanka

Bunkure,
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ka sauka Kaduna lafiya, kai da kayanka, kuma mai garejin ya karɓe ka hannu bibbiyu. Allah ya tsare ka a inda idonmu ba ya kaiwa, ya haɗa ka da abokan zama na kirki, ya sa albarka a hannunka. Innarka tana gaishe ka. Baffanka Sale ma ya ce a gaishe ka, yana kuma da saƙo, za ka same shi a ƙasa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, kwana uku ba su isa a tara labari ba. A kan buhun da ka tafi da shi nake rubutu. Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda kake amsa waya: "To, to, in sha Allahu," kana faɗa hannunka yana wani aiki daban. Takarda kuwa za ta zauna a aljihunka har ka sami lokacinta. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san yadda hannun nan ya koma da rawa.

Abin da ke cikin buhun ka san shi: kesin ɗin babur ɗin kakanka, wato ƙoƙon nan na dalma mai ɓari biyu da ke riƙe da kayan cikin inji, da ƙaramin boris ɗin da ya yi tsatsa ya maƙale a ɓarin dama. Ranar Asabar kana ɗaure bakin buhun ka ce mini, "Wannan ai aikin minti biyar ne, a can akwai kayan aiki." Direba yana ta oda a waje, shi ya sa ban ce komai ba. Tun daga ranar minti biyar ɗin nan suke damuna, domin ni ma abin da na faɗa ke nan shekara goma sha tara da suka wuce.

Bari in faɗa maka abin da ke hannunka tukuna. Kesin ɗin nan shi ne na ƙarshe. An daina yin irin babur ɗin tun kafin a haife ka, kuma babu shagon da za ka shiga a Kano ko a Kaduna a miƙo maka wani. In ya fashe, babur ɗin ya mutu ke nan. Baffanka kuwa idonsa ya tafi, ƙafafunsa suna kumbura tun daminar bara, kuma abu ɗaya yake tambayata duk zuwan da zan yi: yaushe zai ji ƙarar babur ɗin Baba.

Kai sunan kakanka kawai ka ci, ba ka san shi ba. Aikinsa buɗe ƙofofin ruwa ne a kanal ɗin da ya bi ta bayan garinmu. Da rani, kafin rana ta fito sosai, zai hau babur ɗin nan ya bi bakin kanal, kuma ƙararsa daban take, mai kauri, ana jinta tun daga nesa. Manoma in suka ji ta sai su ɗauki fartanya, sun san ruwa ya taho. Ni da Yaya Sale da ita muka tashi. Da ya rasu, Yaya Sale ya ce a bar mini babur ɗin tunda ni ne bakanike a gidan. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini. Ya ce, "Garba, kada ka bari ya yi shiru."

Na fara kuskure tun a bakin ruwa. Lokacin ina ɗaukar kwandunan tumatir da shi daga Kadawa zuwa bakin titi, sawu huɗu, sawu biyar a wuni. In na gama sai in bi 'yan'uwana masu babura zuwa gangaren da shanu ke sauka shan ruwa, in tura shi cikin kanal har ruwa ya kai rabin inji, in wanke shi yana tururi. Kowa haka yake yi a nan, har gobe. Kakanka bai taɓa yi ba. Shi bokiti yake ɗebowa da tsumma, ya zauna sai injin ya huce, ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne irin na tsofaffi. Inji mai zafi in ya shiga ruwan sanyi zuƙar ruwan yake yi ta duk inda ya sami kafa. Wata rana na duba baƙin mai, na ga ya koma launin koko. Na gani da idona. Na ce zan juye ranar kasuwa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, damina ta sauka, na jingine shi a zaure na shiga gona, ban waiwaye shi ba sai bayan an yanke shinkafa.

Saboda haka, duk injin da ya zo hannunka ka ga mansa ya yi fari, a ranar za ka juye shi, ko da mai shi yana sauri. Kuma abin da za a ajiye ya daɗe, a riƙa taka masa kik ko sau ɗaya a mako, mai ya zagaya. Ba wani ilimi ba ne mai zurfi. Na san shi a lokacin ma, ban dai yi ba.

Da na buɗe injin, komai ya fito lafiya sai abu ɗaya, ƙaramin boris ɗin da ke riƙe da ƙarshen sandar giya. Ka dube shi da kyau a wanda ke hannunka, za ka ga a rami yake zaune, kuma ramin ba shi da ƙofa ta baya. Sauran borisai ana turo su ta ɗaya gefen su faɗo. Wannan babu ta inda za ka tura shi. Shi ya sa na'urar matsa ƙarfe da kake taƙama da ita a garejinku ba za ta yi maka komai ba a nan, sai dai ta fasa maka bangon bayan ramin, wanda kaurinsa bai fi na faranti ba.

A zaure na shimfiɗa aikin, bayan sallar Juma'a, mutane sun cika wurin. Mutum shida ko bakwai, kowa da shawararsa, ba wanda ya taɓa riƙe sifana a cikinsu. Na ce musu minti biyar. Na sa sukudireba na banƙara, bakin ramin ya ɓantare, boris bai motsa ba. Wani ya ce, "Malam Garba, ko dai ya fi ƙarfinka ne?" Sai na ɗauko cizal da guduma. Bugu na huɗu 'ya'yan boris suka watse a ƙasa, zoben ciki ya fito, zoben waje ya zauna daram a ramin, sumul, babu ko inda farce zai kama. Da da abin kamawa, yanzu na cire shi da hannuna.

Na shiga cikin gida shan ruwa. Innarka tana bakin duronta tana turara shinkafa, yadda ka san ta, ta ɗaure ɗankwali tana tura buntu a wuta. Ta ji bugun tun daga ciki. Ta miƙo mini ruwa, ta ce, "Malam, abin nan ba dalma ba ne?"

Na ce dalma ne.

Ta ce, "To mu in tukunya ta maƙale a cikin 'yar'uwarta ba ma bugu. Ruwan zafi muke tsoma ta waje, sai ta saki ta ciki. Ga ruwa nan yana tafasa, in na sauke wannan ka kawo shi mu gwada."

Na ce mata, "Inji ba tukunyar tuwo ba ne."

Da a nan na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Sai na koma zaure na maimaita wa mutane abin da ta ce da amsar da na ba ta, aka yi dariya. Tsakanin zauren nan da inda take katanga ce ba ta kai tsayina ba. Ta ji komai. Ba ta sake ta da maganar ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba.

Abin da zan ce maka a nan biyu ne, kuma na farkon ya fi. Aikin da ba ka tabbatar da shi ba, kada ka yi shi a gaban 'yan kallo. Idon mutane sauri yake sa hannu. Kai baƙo ne a garejin nan, za su so su ga abin da ɗan Bunkure ya iya, kai ma za ka so ka nuna musu. Ka nuna musu a kan baburan da kayansu ke cike da kasuwa. Wannan ka bar shi sai ranar da ba a buɗe gareji ba. Na biyu, kafin komai ka wanke ramin tas da kananzir, ka haska fitila ka duba ko akwai wani ƙaramin noti ko zoben waya da ke riƙe da boris ɗin. Ni na duba ban gani ba, amma idona ba na da ba ne. Kada sukudireba ta taɓa bakin ramin, kada kuma ta taɓa fuskar da ɓari biyun ke haɗuwa, in ta ƙwarzane mai zai yi ta yoyo har abada. Za a sami wanda zai ce maka a cusa giris ko burodi a ramin, a sa sanda a buga, matsin ya turo shi. Dabara ce ta gaske, na ga ta yi aiki. A kan wannan bangon mai shekaru dai ban yarda ba.

Washegari na ɗauki ɓarin na tafi Garun Mallam wurin wani mai waldar gas. Ka lura da abin da na yi. Na yarda zafi ne maganin, wato na yarda da maganar Innarka, amma sai na nemi hanyar da ba za a ce tata na bi ba. Mai waldar mutum ne mai hankali. Ya fara yawo da wutar nesa-nesa, yana zagaya ɓarin duka. Na ga yana ja mini rai. Na ce ya tsayar da ita a bakin ramin har wurin ya yi ja, domin haka na saba gani a maƙera. Ya ce, "Maigida, wannan ba ya ja." Na ce ni bakanike ne, ya yi abin da na ce. Ya yi.

Dalma ba ta ja, Abba. Baƙin ƙarfe yana yi maka gargaɗi, ya yi ja, ya yi ɗorawa, kana gani. Ita tana nan da launinta har lokacin da za ta sulale. Ina tsaye ina jiran ja, sai na ga gefen ramin ya lotsa kamar man shanu a rana. Na ruɗe. Akwai buta a gefe, na ɗauka na kwara masa. Ya yi ƙara ɗaya, ƙas, tsaga ta tashi daga ramin har bakin ɓarin. Na ɗaga shi na duba. Zoben yana nan inda yake.

Don haka kada wutar walda ta kusanci kesin ɗin nan, ko wane ne ya riƙe ta. Kuma abin da ya yi zafi a bar shi ya huce da kansa. Mu mutanen bakin kanal komai ya yi zafi ruwa muke nema masa, a inji wannan ɗabi'ar ɓarna ce.

Na dawo gida na jefar da ɓarin a bayan rumbu. Da Yaya Sale ya tambaya, na ce masa tsohuwar tsaga ce, tsufa ne ya kama shi, ina buɗewa na tarar da ita. Ya ce Allah ya kyauta. Lokacin yana fataucin albasa, yana shiga ƙauyuka. Rani biyu ya yi duk inda ya sauka sai ya tambayi irin babur ɗin. A wani ƙauye gaba da Rano ya sami mataccen injinsa, mai shi ya ɗora shi a kan rufin kwano don kada iska ta yaye. Ya ba shi tunkiya ya karɓo. Ya kawo mini har zaure a buhu, ya ajiye, ya ce, "Ga shi. A yi a hankali." Kesinsa ne wanda ke wurinka. Ɓari biyun tare aka yi su, tare za su zauna, kada wani ya ce maka za a iya haɗa ɗaya da na wani inji. Da na buɗe shi, boris ɗin nan dai, a ramin nan dai, ruwan sama ya cinye shi da tsatsa.

Kuskuren da ya biyo baya ya fi sauran tsawo, kuma ba a ganinsa, domin kama da haƙuri yake yi. Ban taɓa shi ba. Shekara goma sha bakwai yana ƙarƙashin gadona. Duk Juma'a ina ɗiga masa kananzir, in mayar. Na gyara injinan ban-ruwa ba iyaka a garin nan, na gyara baburan mutane, amma duk wanda ya zo da boris a rami irin wannan sai in tura shi Kano. Daga baya na ji daga bakin manyan makanikai cewa a hankali ake ɗumama dalmar duka, ita ta fi baƙin ƙarfe buɗewa in ta ji zafi, sai ta saki. Na sani a kai. Amma in na ɗauko shi na ɗora a cinya sai in ji ƙas ɗin nan a kunnena, in ce ruwan zafi ba zai isa wannan tsatsar ba, bari in ƙara jiƙa shi mako ɗaya. Duk Sallah Yaya Sale zai tambaya, in ce saura kaɗan. Ina saura kaɗan idonsa ya rufe. Ina saura kaɗan hannuna ya fara rawa, har ya zama ko na so ba zan iya ba. Tsoro ne, ba wani abu ba, na sa masa sunan taka-tsantsan don in iya kwana da shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san kwanon dusar kajin Innarka, wanda ke gefen dutsen da nake alwala. Ka tashi kana ganinsa, wataƙila ba ka taɓa tambaya ba. Ɓarin da na fasa ne. Sati ɗaya da jefar da shi na fito da asuba na gan shi a wurin, cike da dusa, kaji sun kewaye shi. Na ɗauka gori ne. Na ce a raina ta ajiye shi nan ne don in riƙa ganin aikina sau biyar a rana. Ban ce ta ɗauke ba, don kada ta san ya dame ni. Sai na koyi yin alwala ina kallon katanga.

Ranar Lahadi, washegarin tafiyarka, gidan ya yi mana faɗi. Ina zaune a tsakar gida, ita tana tsince shinkafa a faifai. Ban shirya ba na ji na ce, "Maganar tukunyar nan da kika yi mini, shekarun baya. Ke ce da gaskiya. Kuma abin da na yi a zaure ban kyauta ba."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki. Na ji tana buɗe kwallayenta. Ta fito da wani ƙullin tsumma ta sa mini a hannu. Na kwance. Zoben boris ne, na waje, da tabon cizal ɗina a gefensa.

Na ce, "Wannan daga ina?"

Ta ce, "Daga kwanon kaji. Da na ɗauko shi a bayan rumbu warin baƙin mai yake yi, kaji ba za su ci a ciki ba. Da na sauke shinkafa sai na jefa shi a duro da toka, na bar shi yana tafasa na je na yi shara, na ɗora girki. Da na tsamo shi da muciya ya suɓuce, ya kifa a kan gungumen da nake faskare. Ina ɗagawa na ga wannan a ƙasa."

Na ce, "Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Na faɗa sau ɗaya, Malam, ka san inda maganar ta ƙare. Sai na ce bari in ajiye shi inda za ka gani da idonka, ba sai an ce mace ce ta faɗa maka ba. Ramin a buɗe yake, kaji suna cinye dusar kullum kafin azahar. Ni ina na san shekara goma sha tara za ka yi ba ka duba ba?"

Na tashi na je na zubar da sauran dusar. Ramin babu komai a ciki, sai sheƙi yake yi, bakin kaji ya goge shi. Tsawon shekarun nan amsar tana taku ɗaya daga ƙafata ta hagu. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har da ta ranar Garun Mallam. Ita kuwa ta koma kan faifanta, ta ce in mayar wa kaji kwanonsu.

Abin da ka ɓata, ka dube shi. Ka ɗauke shi ka juya shi, ka ga inda ya fashe da abin da ya rage. Za ka ɓata aiki a Kaduna, babu bakaniken da bai ɓata ba. Kada ka jefa shi bayan gareji ka riƙa sauya hanya.

Ga yadda za ka yi, kuma ka sani daga bakin Innarka na rubuta, na ƙara abin da na sani. Ka nemi babbar tukunya ko rabin duro wanda ɓarin zai nutse duka. Ka cire duk wata roba da ke jikinsa, ka zare 'yan ƙusoshin saiti guda biyu da ke fuskarsa don ya kwanta daidai. Ka sa shi tun ruwan bai yi zafi ba, su hau tare. In ya tafasa ka bar shi, ta ce kamar dahuwar wake, ba kamar shayi ba. Ka tanadi katako mai faɗi, marar ƙusa, a ƙasa kusa da wutar, da tsummoki masu kauri. Ka tsamo shi, kada ka tsaya gyara tsayuwa, ka kifa shi a kan katakon da fuskarsa duka, bugu ɗaya mai kyau. Naka ya fi nata sauƙi, domin boris ɗin cikakke ne, nauyinsa zai taimake ka, ga kananzir na shekara goma sha bakwai a jikinsa, ko ba komai tsorona ya yi wannan amfanin. In bai faɗo ba ka mayar da shi ruwa. In ka yi sau uku bai faɗo ba, ka bar shi ya huce, ka kira ni, kada ka ƙirƙiro dabara a tsaye. In ya faɗo, ka bar ɓarin ya sha iska, ka goge shi, ka shafa mai a ramin. Sabon boris kuma ka ƙulle shi a leda ka sa a ƙanƙara, ka sake ɗumama ɓarin, zai zauna da kansa. In ya nemi taimako, zoben waje kawai za ka taɓa.

Jiya Litinin na tafi wurin Baffanka da zoben a aljihu. Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa. Na ce, "Yaya, tsagar nan ta kesin ɗin Baba ba tsufa ba ne. Ni na fasa shi."

Ya ce, "Na sani."

Na ce yaya aka yi ya sani.

Ya ce, "Lokacin ai ina gani. Na shigo gidanka na ga kaji suna ci a ciki. Tsufa ba ya barin sawun guduma, ba ya narka dalma. Na ga ba ka son a yi maganar, sai na tafi neman wani."

Na ba shi labarin Innarka da duro, na sa masa zoben a hannu. Ya daɗe yana juya shi, yana bin tabon cizal da babban yatsa. Ya yi 'yar dariya, ya ce da ita aka bar wa babur ɗin da yanzu muna kai. Sannan ya ce in rubuta maka wannan, kuma na rubuta yadda ya faɗa: "Ka gaya wa mai sunan Baba kada ya yi gaggawa saboda ni. In na ji, alhamdu lillahi. In ban ji ba, ku dai ku tayar da shi, ku bi bakin kanal da shi da safe. Amma kada ya fasa shi don yana tseren kwanana."

Yana maganar ina kallon ƙafafunsa. Kumburin ya haura gwiwa, makon jiya bai kai nan ba. Shi ya ce kada ka yi sauri, kuma gaskiya ya faɗa, ka bi maganarsa. Ni kuma da na yi masa saura kaɗan har sau talatin da wani abu, ina gaya maka ina jin tsoro. Firam ɗin babur ɗin yana nan a zaure, na sa an wanke tanki, sauran kayan injin suna cikin kwali a jere. Kesin kawai muke jira. Kada ka yi minti biyar, Abba, kada kuma ka yi shekara goma sha tara. Lahadin nan mai zuwa ta isa, in Allah ya kai mu.

Na yi niyyar sa zoben a cikin ambulan ɗin nan don ka gani ka yarda ruwan zafi yana yi. Da na miƙa hannu in karɓa, Baffanka ya ƙi saki. Ya tura shi ƙarƙashin matashinsa, ya ce sai ka aiko da ɗan'uwansa ya haɗa su biyu. Saboda haka babu shaidar da zan aiko maka. Sai dai ka ɗauki maganar Innarka ba tare da ka gani ba, abin da ni na kasa.

Ranar da boris ɗin ya faɗo, ka ƙulle shi ka ba direban da ya kawo maka wannan takardar, yana juyowa Bunkure duk Litinin. Innarka za ka fara kira, kafin ni.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da na wuta da na hanya. Ya tsare maka sallarka da hannunka. Ya ba Baffanka sauƙi, ya ara masa kwana. Ya dawo mana da kai lafiya, ka same mu lafiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba